Kik ɗin Motar Yaya

Litinin, 2 ga Yuni

Motar ta ƙi tashi da safe. Ni da nake gyara wa mutane motoci, tawa ce ta tashi kunyata ni a ƙofar gida.

'Yata Auta ta riga ta tura keken guragun Yaya ciki ta baya, ta ɗaure ƙafafun keken, ta zauna ta murɗa makulli, motar ta ce ba ta san zancen ba. Sai ga ta a kaina ina shan shayi, wai tun ɗazu take kirana. Na ce ta ba ni wuri. Na shiga na zauna, na rufe ido, na ɗaga yatsa ɗaya yadda na saba, kowa ya yi tsit. Na murɗa. Babu komai, ko tari ba ta yi ba. Na ce kan batir ne. Na buɗe na kankare farin gishirin da ya taru a kai, na ɗaure tamau. A murɗawa ta uku ta tashi. Sun isa wurin wankin ƙoda saura minti goma a ba wani injin.

Abin da ya hana ni sakewa duk yinin yau shi ne motar nan ba ta da madadi. Ni na cire mata kujerun tsakiya, ni na yi mata gadar ƙarfe don keken Yaya ya hau. Tun da ƙugunsa ya karye ba ya lanƙwasuwa ya shiga ƙaramar mota, ko an gwada sai ihu. Wankin ƙodarsa Litinin da Alhamis ne, ƙarfe bakwai. Wanda ya makara a ɗora wani a injin, shi kuma ya koma gida da ruwansa a jiki.

Yaya yana baya a kekensa. Na dai ga yana kallona ta madubi, wani irin kallo.

Talata, 3 ga Yuni

A gareji na ba mai rewaya, maƙwabcina mai gyaran wutar mota, labarin. Shi ba ya taɓa mota sai da mitar nan tasa mai jar waya da baƙa. Ya ce in ɗauka in auna. Na yi dariya na ce, yaushe ka taɓa ganin Mai Kunne da mita?

Shekara talatin da wani abu da wannan suna. Yaya ne ya dasa min shi. Ina ƙarami a garejinsa, in na miƙa hannu ga sifana kafin in saurari inji sai ya make min hannun. Mota tana faɗar ciwonta da bakinta, in ji shi, makanikin da bai iya yin shiru ba ɓarna yake yi. Har yau mutane suna tahowa daga nesa don kawai su ga na rufe ido na ɗaga yatsa. Wasu ma hoto suke ɗauka.

Da na dawo uwar yara ta ce na ƙure rediyo har maƙwabta sun san labaran duniya ba da son ransu ba. Rediyon ne ya tsufa. Kuma mutanen gidan nan sun koyi magana ciki-ciki kamar masu gulma.

Alhamis, 5 ga Yuni

Bugu ɗaya ta tashi. To, ina masu mita?

Asabar, 7 ga Yuni

Na yi wa Auta faɗa, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Ta je sayo wa Yaya magani, motar ta ƙi tashi a bakin kantin har sau biyar. Ta dawo tana cewa, Baba, in na murɗa tana yin wata 'yar ƙara. Ban bari ta ƙarasa ba. Na shiga na murɗa, ta ƙi. Na saurara iya saurarona, shiru kamar ɗakin da ba kowa. Na ce wace ƙara? Makullan shagonki ne da kika tara a zobe ɗaya suke kaɗawa. Shekara nawa kika yi kina tuƙi da za ki koya min jin mota?

Ta sunkuyar da kai ta ce, yi haƙuri Baba. Yarinyar da take rufe shagon ɗinkinta kwana biyu a mako saboda wana, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ita na samu na yi wa tsawa.

Mota ta yi shiru gaba ɗaya, ai wuta ce ba ta zuwa. Haka na sani, haka aka koya min. Na je na ɗauko sabon batir na saka. Ta tashi.

Litinin, 9 ga Yuni

Da sabon batir, sai a murɗawa ta biyu.

Na lura fitilar cikin motar ba ta dushe ba lokacin da ta ƙi. Haskenta ƙal. Na gani, na kawar da kai. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Gyaren nan na cikin kunnena na hagu yau tun asuba bai huta ba. Ya kusa shekara yana kuka, ban gaya wa kowa ba. Da dai sai in gari ya yi shiru nake jinsa, yanzu har a gareji.

Wani malamin makaranta ya kawo motarsa, wai tayar gaba tana kuka in ya yi kwana. Na shiga muka zagaya. Yana ta cewa, ka ji? ka ji? Ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ban ji komai ba. Sai na zare takalmi a hankali na dafa ƙasan motar da tafin ƙafa, nan na ji gurzar tana tahowa. Na rufe ido na ɗaga yatsa na ce boris ne na dama. Ya ce, kai, Mai Kunne, Allah ya bar mana kai.

Na canza boris ɗin, daidai ne. Amma da ya tafi sai na zauna a kan tsohuwar taya na daɗe. Ba yau na fara wannan dabarar ba, in zan faɗi gaskiya. Tafin hannu a kan bonet, gwiwa a jikin ƙofa. Ai duk ji ne.

Gobe Alhamis.

Alhamis, 12 ga Yuni

Yaya bai samu wanki ba yau. Ni na jawo.

Shida da kwata Auta ta murɗa, ta ƙi. Ta murɗa har sau goma. Na fito. Batir sabo, kansa a ɗaure. Na ce to makullin ne ba ya ba da wuta. Auta ta ce, Baba, mu kira maƙwabta a tura ta, in mun dawo sai ka duba. Na ce motata ba za a tura ta a unguwar nan ba ina raye. Wallahi haka na ce. Ina jin bakina yana faɗa, ban tsayar da shi ba.

Na kwance murfin sitiyari, na zaro wayoyin makulli, na bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Duk lafiyarsu ƙalau. Gumi yana ɗiga a idona, wani ƙaramin noti ya faɗi ƙarƙashin kujera na ɓata minti biyar ina lalube. Uwar yara tana tsaye a ƙofa da hannu a ka. Yaya yana baya a kekensa da bargo a cinya, ya rufe ido. Da na ɗago na duba agogo, bakwai saura minti goma, ga sitiyari a warwatse kamar kayan gwanjo.

Auta ba ta sake tambayata ba. Ta fita ta ƙwanƙwasa ƙofofi, ta dawo da maza huɗu, ɗaya ma da buroshin haƙori a baki. Na harhaɗa wayoyin yadda suka samu, aka tura, kafin ƙarshen layi ta kama. Abin da za a yi tun shida da rabi.

Takwas saura suka isa. An ɗora wani. Nas ɗin ta ce wa Auta babu gurbi sai Litinin, sai dai in wani ya fasa zuwa, za ta kira. Daga Litinin zuwa Litinin ke nan, mutumin da ƙodarsa ba ta fitar da ko cokali ɗaya.

Da suka dawo ni na sauko da keken. Na ce, Yaya ka yafe ni. Ya dafa hannuna kawai. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ban je gareji ba. Ban ci abinci ba. Auta ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya.

Juma'a, 13 ga Yuni

Ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna da yatsa ramin ba ya komowa. Ba ya iya kwanciya, sai a jingine da matasai uku. Ruwan sha uwar yara da murfin kwalba take auna masa, yana bin kofin da ido kamar yaro. Ina tsoro. Ban taɓa jin tsoro irin na yau ba.

Da la'asar na shiga ɗakinsa na zauna a bakin gado. Sai na ga leɓensa yana motsi. Na ce, na'am? Ya sake. Na matso na ce, me ka ce Yaya? Sai da ya tattaro numfashin da ba shi da shi, ya ɗaga murya, jijiyar wuyansa ta miƙe:

"Sau ɗaya take yi. Ƙas. Kik ne."

Kik, mai juya inji ya tashi. Ya yi tari ya huta, sannan ya ce tun Litinin ta farko yake jin ta daga bayan motar, ƙara ɗaya tak duk murɗawa, mai kauri. Batir in ya mutu ƙarar a jere take zuwa kamar keken ɗinki. Wannan ko ɗan koyo na wata uku ya sani, ni ma na koya wa mutum ashirin.

Na ce, to me ya hana ka faɗa?

Ya ce, "A gaban 'yarka? Ka rufe ido ka ɗaga yatsa, in ce maka ba ka ji ba? Na ɗauka za ka zo ka same ni mu biyu ka tambaya."

Ya kuma ce ba tun yau ya gane ba. Wata shida yana kirana daga ɗakin nan ina wucewa ta ƙofa. Da fari ya zaci gajiya na yi da shi.

Wannan ce ta karya ni. Wata shida wana yana zaune yana tunanin na gaji da shi. Na fita bayan gida na tsaya wajen tankin ruwa har fuskata ta bushe.

Shi ya rufa min asiri har ya rasa wankinsa, ni na rufa wa kaina har na kusa rasa shi. Mu biyu duk ba mu da wayo.

Kafin magariba nas ta kira Auta. Wani an kwantar da shi a wani asibitin, akwai gurbi gobe sha biyu.

Asabar, 14 ga Yuni

Ni da kaina na bi gida-gida tun ƙarfe goma na tara masu turi. Mai buroshin ranar nan ya ce, Mai Kunne, yau kuma an yarda a tura? Na ce tura kawai, surutun na bayan. Ni ma na sa kafaɗa. A asibiti Auta ta ajiye ta a gangare don dawowa.

Lita uku da rabi suka cire masa. Ya dawo a galabaice amma yana numfashi kamar mutum, har ya nemi shayi.

Da yamma na je wurin mai rewaya na ce ya ara min mitar. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya kalli fuskata, ya miƙo kawai. Allah ya saka masa.

Na kira Auta. Na ce, zo ki zauna ki murɗa, kuma duk abin da kika ji ki faɗa min da ƙarfi. Ta tsaya tana kallona. Na ce kunnen ubanki ya tafi, ba sai an yi shela ba. Ta ce, Baba ai mun sani. Mun! Ashe gidan kaf, ni kaɗai nake ɓoye abin da kowa yake gani.

Muka bi abin daki-daki yadda ya kamata in yi kwana goma sha biyu da suka wuce. Batir a mita, sha biyu da ɗigo shida, lafiya lau. Tsohon da na cire ma na auna, shi ma lafiyarsa ƙalau, yana gefe yana kallona. Na kunna manyan fitilu ta murɗa, ko ƙiftawa ba su yi ba. Na shiga ƙarƙashi na sa mita a kan siririyar wayar da ke zuwa kik daga makulli, ta murɗa, wuta ta iso cif. Ke nan makulli ba shi da laifi, fiyus ba shi da laifi. Na ɗora tafin hannu a jikin kik ɗin na ce ta sake. Na ji shi a hannuna, bugu ɗaya, sannan shiru. Daga sama Auta ta yi ihu, ta yi ƙas Baba!

Na ɗauki ƙaramar guduma na ɗan ƙwanƙwasa masa gindi tana riƙe da makulli. Ya juya, mota ta tashi. Shi ke nan, ba sauran gardama. Duka-duka minti ashirin.

Lahadi, 15 ga Yuni

Yaya ya ce a fito da shi ƙofar gida, wai yana son iska. Iska ina? Aikin ya zo dubawa.

Na fara cire baƙar wayar batir, kafin in juyo ya riga ya tambaya ko na cire. Na ɗaga motar da jak na kafa mata ƙafafun ƙarfe biyu, na girgiza ta na tabbatar. Kik ɗin motar nan wanda ya zana wurinsa bai taɓa riƙe sifana ba. Notin ƙasa a fili yake, na sama kuwa yana can bayan inji inda ido ba ya kai wa, sai da na haɗa sanda biyu a kan soket na bi da lalube. Ya ciji, ya ƙi motsi. Na fesa masa mai na jira. Da ya saki, hannuna ya daki ƙarfe, fatar yatsu biyu ta tafi. Auta ta leƙo ta ce me ya faru, na ce ba komai, miƙo sha uku. Ta miƙo sha uku daidai, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba duk yinin. Ban san yaushe ta san lambobin sifana ba.

Na sauko da shi, nauyi kamar jariri. Na buɗe a kan kwali a gaban Yaya. Gawayin da ke ba shi wuta ya cinye saura ɗan guntu kamar ƙwayar wake, tagullar ciki ta ƙone ta yi baƙi. Yaya ya juya shi a cinyarsa ya shinshina. Ya ce a da sai mu canza gawayin mu mayar, amma motar da take kai shi wanki ba ya son kik mai faci. Na ce ni ma.

Na tafi da tsohon wurin mai kayan gyara. Ya ɗauko sabo a kwali yana rantsuwa irinsa ne sak. Na jera su a kan kanta na ƙirga haƙoran da ke kama faifan inji. Nawa tara, nasa goma sha ɗaya. Na ce ƙirga da kanka. Ya ƙirga ya sosa ƙeya ya koma ciki, ya daɗe, ya fito da mai tara. Da na saka wancan da ya cinye haƙoran faifan, aikin ya koma sauke giyar mota. Na ji sanyi a raina kaɗan. Idon dai yana nan, yatsun ma suna nan.

Na goge mazauninsa, na ɗaura, na fara kama notin sama da hannu kafin sifana, na mayar da babbar waya da ƙaramar, na sauke motar, na haɗa batir. Auta ta miƙo min makulli. Na shiga na zauna. Sai na tsinci kaina na rufe ido, yatsa ya riga ya tashi sama. Na sauke shi. Na fito na ba ta makullin na ce ke murɗa. Na je na tsaya kusa da keken Yaya.

Bugu ɗaya.

Na sunkuya na ce, Yaya, me kunnenka ya ce? Ya sa aka kashe aka sake tayarwa har sau uku, yana karkata kai, shi ma da yatsansa a sama. Sannan ya jawo wuyan rigata ya faɗa min a kunnen dama: yana kamawa da kyau, yana saki da wuri, ba ya gurza. Ya ƙara da cewa notin ƙasa in sake ja masa kaɗan, ya san halina. Na koma na duba. Ya ɗauki rabin juyi.

Na ba Auta haƙuri a kan maganar makullan shago. Ta ce ta manta. Ƙarya take, amma na karɓa.

Litinin, 16 ga Yuni

Bugu ɗaya. Sun isa bakwai saura ashirin. Kumburin ya sauka.

Talata, 17 ga Yuni

Mai rewaya ya aiko a karɓi mitarsa. Na ce ina amfani da ita, ya ƙara min kwana biyu. Wata mata ta kawo mota tana cewa a saurara mata, na ce ta kwatanta min ƙarar da bakinta tukuna. Ta yi mamaki, amma ta kwatanta, kuma ta iya.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na bi su asibiti yau. Don in ga yadda kik ɗin yake yi in inji ya yi zafi, ba wani abu ba.

Wankin awa huɗu ne, zaman benci ya ishe ni, na tashi ina zagayawa. A hawa na biyu akwai wata ƙofa da hoton kunne a jiki. Na ɗan leƙa, tunda ina wurin. Wata likita ta sa min wani abu a kai ta ce in ɗaga yatsa duk lokacin da na ji ƙara. Na kusa yin dariya. Shekara talatin ina ɗaga yatsa, yau an ce in ɗaga na zauna da hannu a cinya. Na dama ya ɗan taɓuka. Na hagu kuwa, bar shi kawai.

Ta ce akwai na'urar da za a gwada min, ta rubuta kati, Alhamis mai zuwa ƙarfe tara. Ban ce zan zo ba. Amma tunda motar tana zuwa nan ɗin dama, kuma akwai kujera a gaba.

A hanyar dawowa katin ya leƙo daga aljihun rigata. Na ga Auta ta kalle shi, ta kalli Yaya ta madubi, ta mayar da ido kan titi. Ba ta ce komai ba.

Ko kuwa ta ce, ban ji ba.